Motar haɗa-da-kanka: sabuwa cikin kwali, ko wadda wani ya fara ya ajiye?

Akwai kamfanoni a Ingila da Amurka da ba su sayar maka da mota tana tafiya. Shasi za su ba ka, da gangar jiki, da kwalaye cike da ƙarafa da wayoyi da noti, da littafin da ke nuna abin da ke bin wani, kai kuma ka je gida ka ɗaura. Masu wannan sha'awa a Yamai ba su da yawa, amma akwai su, kuma galibi ta hannun wani ɗan'uwa da ke zaune a Faransa ko Beljiyam ko Amurka maganar take tasowa. Da zarar ya fara bincike zai ga kasuwa biyu. Ga sabuwa daga kamfani da farashinta mai nauyi, ga kuma wadda wani ya saya, ya fara haɗawa, ya gaji, ya sa ta a kasuwa da rahusa mai jan hankali.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: ragowar aikin wani tana da daraja ne gwargwadon ƙarancin abin da mai ita ya taɓa. Wadda kwalayenta ke rufe ta fi wadda aka ce maka saura kaɗan a gama. Wannan ya saɓa wa yadda masu sayarwa ke sa kuɗi, shi ya sa yake buƙatar bayani.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, kuma ana sayar da ita a warware ne saboda a Ingila ta lokacin harajin saye bai hawa kan motar da mutum ya haɗa da kansa. Da aka kawo harajin VAT a 1973 wannan ƙofa ta rufe, kamfanin Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera motar, kuma har yau Caterham na yin ta. A Kalifoniya, Bruce Meyers ya ƙera Manx a 1964, ƴar motar rairayi mai jikin fayiba da ake ɗorawa kan ƙasan Volkswagen Beetle bayan an rage tsawonsa da kimanin santimita 36. Kamfanin Factory Five kuma ya fara a 1995 a jihar Masacusets ta Amurka da kwaikwayon Cobra, wata tsohuwar motar gudu mai kujera biyu. Mu ma ba baƙi ba ne ga motar da ta zo cikin akwati: Peugeot 504 da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Ƙwanni da Yamai, da yawa daga cikinta a warware ta iso masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Bambancin kawai can ma'aikata ne da injuna, nan kuwa kai ne da makanikenka da yaransa.

Wani abu da ya kamata a gane kafin a kwatanta farashi: ba kowace sabuwa ce cikakkiya ba. Caterham na iya ba ka komai har inji da tayoyi. Amma yawancin kamfanoni shasi da jiki da ƴan kayan ƙafa suke bayarwa, sauran kuma, wato inji da giya da birki da sitiyari, sai ka sayi wata tsohuwar mota ka ciro. Factory Five na farko Ford Mustang na 1987 zuwa 1993 yake nema. Na Ingila da dama an yi su ne don kayan Ford Sierra, daga baya suka koma Mazda MX-5. Ka zagaya wurin masu kayan gyara na Yamai ka nemi Sierra, wadda aka daina yi tun 1993, ka gani ko za ka samu. Garin nan na Toyota ne. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin kwali, tambayi wace mota ce za ta ba da kayan cikinsa.

To me kuɗin sabuwa ke saya maka? Abu na farko, takardar lissafin kaya. Kowane kwali da lambarsa, kowace jaka ta noti da sunanta, ka zauna ka tantance ɗaya bayan ɗaya ranar da kaya suka iso. Na biyu, rasit da sunanka da lambar shasi, wanda zan dawo kansa don shi ne rabin maganar. Na uku, akwai wanda za ka rubuta wa idan ka maƙale, kuma littafin da ke hannunka na shasin da ke gabanka ne, ba na wani samfuri da aka canza shekaru goma da suka wuce ba. Kana kuma iya zaɓen sitiyari a hagu tun wurin oda, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen kayan Ingila alhali a Nijar hannun dama muke bi. Sannan akwai abin da ba a rubutawa a rasit: kowane noti na birki da na sitiyari kai ka ɗaure shi, ka san da wane ƙarfi ka ɗaure.

Wahalarta kuwa a fili take. Tsada, da jiran kamfani ya ƙera, da kuɗin kontena. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa da a da suke sauka Kwatano suka koma Lome su ratso Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi da kwanaki suka ƙaru. Duwan kuma kan cikakken farashin rasit za ta yi lissafi, ga harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kai. Garanti ma sai a yi hattara da shi. Kamfani zai yarda ya canza maka abin da ya zo a karye, amma kuɗin aiko shi Yamai da fito da shi yawanci a wuyanka zai faɗa.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, inda maganar ta fi yawa.

Mutane na barin aikin nan ne saboda dalilai iri biyu, kuma dole ka gano wane ne a gabanka. Akwai wanda rayuwa ta tsayar: an haifa masa yara, ya ƙaura, aiki ya canza, rashin lafiya, ko ya rasu magada na son a kwashe kaya daga garaji. Akwai kuma wanda motar ce ta tsayar da shi: ya huda inda bai kamata ba, ya sa injin da bai zauna ba, ya rikita wayoyi har ya kasa gane kansu, ko ya gano takardu ba za su fito ba. Na farko ciniki ne mai kyau. Na biyu matsalarsa yake sayar maka, kuma shi ma zai ce maka lokaci ne ya rasa.

Ribar gaskiya ce, ba na musu. Wanda ya yi shekaru yana tara kaya yakan sayar ƙasa da abin da ya kashe, kuma sau da yawa a cikin cinikin akwai inji da giya da kujeru da ƙafafun alminiyam waɗanda da sabuwa ka saya sai ka neme su daban. Ba ka jiran kamfani. Wani lokaci ma samfurin da aka daina yi ne, ba ka da wata hanyar samunsa sai wannan.

Amma duk wanda ya taɓa sayen kango ya san inda gizo ke saƙa. Bango ya kai linta, an yi shafe, ido na ganin gida ya kusa, sai dai ba ka san rodi nawa aka sa a tushe ba, kuma ba za ka sani ba sai ka fasa. Haka motar da aka ɗora wa jiki take. Gangar jiki da tayoyi su ne ke sa ta yi kama da mota, kuma su ne aikin da ya fi sauri. Abin da ke cinye watanni shi ne wayoyin lantarki, bututun birki da na mai, daidaita ƙofofi da murfin inji, hanyar ruwan lagireto, saitin ƙafafu, da ƙananan ƙarafan riƙe abubuwa da babu su a littafi sai ka ƙera. Idan mai sayarwa ya ce kashi 90 an gama, yawanci da ido ya auna.

Na ga irin wannan da idona a wani gida nan Yamai, wata motar rairayi mai ƙasan Beetle da wani Bature ya fara haɗawa kafin ya koma ƙasarsu, ya bar wa mai gidan. Tana ƙarƙashin dogon yaro an rufe ta da tamfol. Daga nesa ba ta da laifi. Na tafi da wani dattijon makanike da ya yi zamani da injin Volkswagen, bai ko kalli fentin ba. Ya durƙusa ya leƙa bakin kafireto, ya sa tsinke ya ƙwaƙulo busasshen laka: zanzaro ya yi gida a ciki. Kwalin da littafin haɗawa ke ciki gara ta cinye gindinsa, shafukan zanen wayoyi sun zama gari. Wayoyin da ke bayan allon direba kuwa duk ja ne, mutumin ya sayi nadi guda ya yi komai da shi, babu alama ko ɗaya, ɓera kuma ya yi nasa aikin a kai.

Na ce, "Baba, ya ka gani?"

Ya goge hannu ya ce, "Ɗana, wanga ba gyara za a yi ba, kwancewa za a yi. In ka saye ta, sai mun mai da ta yadda ta fito kwali, sannan mu fara. Ka biya kuɗin ƙarfe, kar ka biya kuɗin aikin da za mu warware."

Daga nan ya nuna mini abin da ya fi damunsa. Wurin da aka yanke ƙasan motar aka rage tsawonsa, waldar ta taru guda-guda a sama, ba ta ratsa ƙarfen ba. Ya sa yaronsa ya riƙe igiyar awo, suka auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan suka juya. Awon biyu bai zo daidai ba. Shasin ya karkace tun ranar da aka haɗa shi, kuma motar da aka gina a kansa ba za ta taɓa tafiya miƙe ba komai saitin da aka yi mata. Wannan awo bai cin minti goma, kuma shi zan fara yi a kan kowace irin wannan mota, ta Ingila ce ko ta Amurka.

Zama ma kansa ɓarna ne, ko da ba a taɓa komai ba, kuma zafinmu na ƙara masa sauri. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa na wuce digiri 40. Fayiba da aka jingina ba bisa daidai ba yana lanƙwashewa, fuskarsa ta yi tsaga-tsaga kamar gizo-gizo. Robobin birki da na ƙafa suna bushewa, man birki na shan danshi, fetur da ya kwana shekaru a tanki ya zama danƙo. Taya kuwa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba tana tsufa. Duba gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Inji sai an sa sifana a juya shi da hannu, in ya ƙi motsi ka lissafa shi a matsayin wanda za a buɗe. A injin Beetle, da iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, ka ƙirga faifan ƙarfen da ke kewaye da shi suna bi da iskar fanka. Masu haɗa motar rairayi na yawan cire su don kyan gani, kuma a zafin nan injin da ba su bai daɗewa.

Sai noti. Wanda ya fara aikin ya ɓatar da na asali ya maye da na kasuwa, wannan kusan kullum ne. Kan bulon mai ƙarfi akwai lamba, 8.8 ko 10.9, na Amurka kuma layuka ne, uku ko shida. Wanda kansa sumul yake ba shi da wurin zama a ƙafa ko sitiyari. Kayan Amurka da yawa da inci aka auna su, mu kuwa sifanunmu na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifana 13 za ta kama shi da ɗan sako-sako har ta cinye masa kai, zaren ma ba ɗaya ba ne. Wannan matsala ta shafi sabuwa da tsohuwa duka, amma a sabuwa jakar noti cikakkiya ce. A ragowar aikin wani, bulon inci guda da ya ɓace na iya tsayar da kai har sai wani ya taho daga waje.

Abin da ke ƙara wa ɓatan kaya nauyi shi ne ko kamfanin na raye. Ƙananan kamfanoni ne, suna mutuwa. Na Bruce Meyers ya rufe a 1971 bayan masu kwaikwayo sun cika kasuwa, shi ya sa yawancin abin da ake kira Manx a yau ba nasa ba ne. Westfield, wanda ya shekara kusan 40 yana yin irin Seven, ya durƙushe a 2022 kafin wasu su saye shi. Noti da bututu ana samun madadinsu, kuma maƙeran kasuwar Katako za su lanƙwasa maka ƙarfe yadda kake so. Amma gilashin gaba, da murfin inji, da ƙashin ƙafar gaba da aka ƙera don wannan samfuri kaɗai, in babu kamfani babu su.

Takardu su ne inda na fi tsananta wa ragowar aikin wani. Motar da ba ta da kart giriz, wato takardar rajista, ba ta da inshora, ba ta wuce shingen jandarma, abin ado ce a tsakar gida. Ko a Ingila, inda sana'ar ta fi kafuwa, sai motar ta ci jarrabawar IVA ta duba ingancin mota kafin ta hau titi, wadda ta fara a 2009, kuma wadda aka kasa tabbatar da asalinta lamba mai farawa da Q ake ba ta. A Faransa samun izinin hawa titi ga motar da mutum ya haɗa ya fi haka wuya, kuma wannan na cikin abin da ke sa wasu can su sayar da nasu ba a gama ba. A nan gida duk wanda zai yi maka rajista zai nemi sanin lambar shasi, da shaidar mallaka, da shaidar cewa kaya sun bi ta duwan. Sabuwa na zuwa da rasit ɗin kamfani, na Amurka har da takardar shaidar asali. Wadda ta bi hannu biyu ko uku fa? Rasit da sunan mutumin farko, injin daga wata mota da ba a san ta ba, babu takardar sayarwa tsakanin na farko da na biyu. A motar rairayi lambar shasin Beetle na buge ne a kan doron tsakiya, ƙarƙashin inda kujerar baya take, kusa da inda ake yanka. In mai walda ya cinye ta ko ya shafe ta, ka rabu da motar kawai. Shawarata, ko wacce za ka saya, ka ɗauki hotunan takardun ka kai wa tiranziter, wato mai fito da kaya daga duwan, da ofishin rajista kafin ka biya ko dala, su faɗa maka a matsayin me kayan za su shigo, mota ko kayan gyara, da abin da za a nema ranar yin lamba.

Inda motar take ma na canza hukunci. Wadda ke Yamai ko Tawa za ka je da makanike, ka auna, ka ƙirga, kuma in an riga an biya mata duwan da takarda a hannu, an ɗauke maka babban kaya. Wadda ke wani garaji a Liyon ko Bamingam kuwa, kana kallon hotuna goma a waya, cinikin biri a sama ne. Kontena kuɗinta ɗaya ko kayan cikinta sun cika ko ba su cika ba. In ba ka da mutum can da ya san mota, wanda zai je da takardar lissafin kamfani ya buɗe kowane kwali, ni ban ga dalilin saye ba.

Mu ɗan yi lissafi da alƙaluman misali, ba farashin kowa ba. A ce sabuwa Yuro 15,000, ragowar kuma 8,000. Yuro guda sefa 655.957 ne, bambancin ya kusa miliyan 4.6. Kuɗi ne masu yawa. Daga ciki cire tayoyi huɗu, batir, duk robobi da bututun birki, sabon saitin wayoyi, buɗe inji, kuɗin makanike na kwancewa kafin a fara ɗaurawa, da aiko ɓatattun kaya ta jirgin sama sau biyu ko uku. In bayan wannan rabin bambancin ya rage a aljihunka, ciniki ya yi. In abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, ka sayi wahala ne da kuɗin sabuwa.

Wata magana a gefe, wadda ta fi zaɓen sabuwa ko tsohuwa muhimmanci ga mai zama Tawa: irin motar. Seven da Cobra na shimfiɗaɗɗen titi ne, tsakaninsu da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu da ɗan ƙari ba. Tudun rage gudu na cikin gari kaɗai ya ishe su, balle kilomita kimanin 550 na hanyar Yamai ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, balle rairayin unguwanni. Motar rairayi kuwa don irin ƙasarmu aka yi ta: ba nauyi, inji a baya yana danne tayoyin da ke turawa, kuma Manx ce ta ci tseren Mexican 1000 na farko a 1967. An haɗa Beetle a Legas tun daga 1975, kuma an ci gaba da ƙera ta a Meziko har 2003, don haka kayanta ba su ɓace daga duniya ba. Sai dai a nan ne kuma aka fi samun aikin gida marar kyau, saboda kowa na ganin zai iya yanka ƙasan Beetle.

Wanda bai taɓa haɗa mota ba, kuma a waje zai yi oda, ya sayi sabuwa daga kamfanin da ke raye, cikakkiya in aljihu ya kai, ya ƙara da jakar noti da robobi na ajiya a kontena guda. Wanda ke da makanike na amana da haƙurin kwancewa, ya nemi ragowar da zai iya taɓawa da hannunsa, mai takardu, wadda shasinta ya ci awo, kuma mai ita bai yi nisa da aikin ba. Ya yi tayinta a kan kuɗin kayan da ya ƙirga. Ranar biya a rubuta takardar sayarwa da lambar shasi da ta inji da shaidu biyu, a kuma kwashe komai a rana ɗaya, har gwangwanin noti da ke bayan ƙofa da tsofaffin rasit da ke cikin aljihun tebur, domin abin da aka ce ka dawo gobe ka ɗauka ba kasafai ake samunsa ba.